Rijiya Ɗaya, Hanya Uku

Lokacin da aka kwaso gwamnati daga Legas aka juye ta a Abuja, an zo da kujeru da tebura da fayil-fayil cike da manyan motoci, an zo da manyan mutane masu digiri, amma da wuya ka sami ɗaya a cikinsu da zai kai kansa bayan Garki ya dawo bai ɓata ba. Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Sai dai na riga su zuwa. Ma'aikatarmu ta turo ni tun ana yankan tituna, ina jigilar masu awo da injiniyoyi, har na san kowane dutse da kowace ƙorama da duk wata hanyar ƙafa da mota za ta iya matsawa ta bi. A wancan zamani wannan sanin shi ne jarina, kuma na sayar da shi da arha.

Gida ne abin da kowa yake nema a shekarun nan. Manya sun sami nasu tun kafin fenti ya bushe. Mu ƙanana kuwa, wasu na kwana a ofis a kan benci, wasu na sammako daga Suleja. Matata da yara suna Agege, a raɓe a ɗakin yayanta, duk wasiƙar da ta aiko tambaya ɗaya ce a cikinta. Ni na sami mafaka a wani ƙauye can bayan Jiwa, a gidan wani tsoho manomin doya, ɗan asalin wurin, wanda kowa ke kira Baba. Ya ba ni ɗaki bai nemi komai ba. In na ga ido ya ɗauke, nakan ɗora masa doya a motar gwamnati in kai masa kasuwa, ina ganin na yi abin kirki da man da ba nawa ba.

Ƙauyen ba ruwa sai na ƙorama. Da rani mata ke tona yashi su jira ya tsattsafo, su ɗauko a kafaɗa kamar yadda matan wurin ke ɗaukar kaya, su hau tudu da shi. Da damina kuma kurkunu ya kwantar da mutane daidai lokacin da gona take neman hannu. A shekarar da nake magana matar Baba ta yi wata biyu ba ta taka ƙasa ba, ciyawa ta cinye rabin gonarsu.

Ma'aikatarmu ta ba da kwangilar rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Wani ɗan kwangila mai ƙaton ciki da ƙaramar hula ya sami guda uku, ɗaya a cikinsu ta ƙauyen Baba ce. Ya haƙa ɗaya mai kyau a wani gari da ke kusa da titi. A ƙauyen Baba ya kawo inji ya yi kwana biyu yana ƙara, ya kafa bututu a busasshen rami, ya naɗe kayansa. Ƙauye na uku ko ƙarar ba su ji ba. Amma kafin a sallame shi dole sai wani daga sashen bincike ya je ya gani da idonsa ya sa hannu.

Ogan da ke kula da motoci ya kira ni ofishinsa. Mutum ne da ba ya faɗin mugun abu da bakinsa, sai dai ya kewaye shi har ka faɗa da kanka.

"Direba, iyali har yanzu suna Legas?"

Na ce suna can, oga.

"Ashsha. Magidanci kamarka." Ya jawo aljihun tebur, ya ɗago wani makulli mai ɗaure da ɗan kwali, ya bar ni na kalla, ya mayar. "Ciki da falo ne a Garki. Ana ta rububinsa. To, kai za ka fita da yaron nan mai bincike. Sabon zuwa ne, kada ka wahalar da shi, hanyoyin can ba kyau. Ɗan kwangila zai gaya maka inda ya fi sauƙi."

Na fahimta tun kafin ya rufe baki. Ba zan ce an yaudare ni ba. Da yamma ɗan kwangilar ya same ni wurin mai shayi, ya shimfiɗa mini tsarin yana ɓare ƙwai. Ya sa an rubuta alluna uku, kowanne da sunan ƙauyensa, amma ƙafar da za a kafa su ɗaya ce. Yaransa za su riga mu zuwa su sauya allo. Aikina shi ne in kai mai bincike rijiyar nan ɗaya sau uku, ta hanya uku, a rana uku.

Labari ya kai ƙauye cewa za a zo dubawa. Baba ya tare ni ina wanke mota. Hausarsa ta koyo ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ɗana, wai kai ne za ka tuƙo mutumin? To Allah ya yi. Ka kawo shi nan ya ga bututu da idonsa. Ya leƙa ciki. Ya ga matata, ƙafarsa har yanzu bai warke ba. Ba mu son komai, ya gani kawai."

Na ce, "Baba, kada ka damu. Ranar Alhamis muna nan."

Mai binciken ɗan Arewa ne, siriri, mai tabarau, ya yi karatu a ƙasar waje. Na so ƙwarai a ce ɓarawo ne, da abin ya zo mini da sauƙi, amma ba ɓarawo ba ne. Ya zo da takalmin roba a leda da littafi mai baƙin bango. Ya ƙi shiga baya, ya zauna kusa da ni, kuma kafin in tayar da mota ya leƙa allon gabana ya rubuta lambar awon tafiya. Ya ce yana da nisan kowane ƙauye a takarda, zai gwada. Ya kalle ni ta saman tabarau don in san ba a yi masa wayo.

Bai san shiru ba. Tun daga Garki har muka bar kwalta yana yi mini lacca.

"Malam direba, ka san abin da ke talauta ƙasa? Kuɗi akwai. Ana kashe su ne ba wanda ke zuwa ya duba. Ɗan kwangila ɗan kasuwa ne, lissafi yake yi. In ya san za a zo a duba, satar ta fi masa aikin tsada, dole ya yi aikin. Kuma dubawa ita ce abu mafi arha da gwamnati za ta yi. Me ake bukata? Mota ɗaya, tankin mai ɗaya, mutum ɗaya mai gaskiya."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya ƙirga mota, ya ƙirga mai, ya ƙirga kansa. Wanda ke riƙe da sitiyari bai shiga ƙirgen ba. Duk masu karatun nan haka suke, direba a wurinsu wani ɓangare ne na mota, kamar taya.

Ranar farko gaskiya muka yi. Na kai shi ta titi da safe, ya sa takalmin robarsa, ya buga famfo da hannunsa, ruwa ya zubo, ya tara tafinsa ya sha, ya auna dandamalin siminti da tef, ya rubuta. Ya dawo mota yana murmushi, ya ce ashe akwai sauran masu tsoron Allah a cikin 'yan kwangila.

Rana ta biyu na nuna gwanintata, kuma in zan faɗi gaskiya na ji daɗin kaina. Na bi da shi ta bayan wurin fasa dutse, na ratsa gonaki, na tsallaka ƙorama ɗaya sau biyu a mashigi daban-daban, ina satar kallon lambar awo har ta cika daidai da ta takardarsa. Muka shiga garin ta gabas da la'asar, rana tana dukan idonsa, na tsaya a bayan coci maimakon gaban masallaci inda muka tsaya a karon farko. Yaran ɗan kwangila sun yi aikinsu. An sauya allo, an shafa wa dandamali shuɗin fenti, an kewaye rijiyar da zana, an kuma samo wani dattijo an naɗa masa rawani a matsayin mai unguwa. Mutanen garin an raba musu gishiri da sabulu, an gaya musu duk wanda ya buɗe baki za a zo a cire famfon. Suka tsaya suna kallonmu kamar masu kallon wasa.

Mai binciken ya buga, ya sha, ya auna. Da ya ɗago kai sai ya tsaya yana duban wani dutse da ke bayan gari, mai tsaga a ka.

"Malam direba, wannan dutsen kamar na taɓa ganinsa."

"Ranka ya daɗe, duwatsun Abuja ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ni ma na shekara ina ruɗewa."

Ya yi dariya, ya duba lambar awo, ya ga ta yi daidai, ya amince da lambar ya ƙaryata idonsa. Man gwamnati na ƙona don in ɓoye satar da aka yi wa gwamnati, ya kuma sa hannu a takardar man.

Ranar Alhamis da asuba na bar ƙauye ana shara. Sun share kewayen bututun, sun fito da kujeru daga makaranta, an ɗauko matar Baba an zaunar da ita a inuwa da ƙafarta a miƙe. Baba ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ya ɗaga mini hannu.

Na ɗauko mai binciken a Garki, muka kamo hanya. Akwai wata mararraba a gindin wata babbar ɗorawa. In ka yi hagu, tafiyar da ba ta kai ta shan kofin shayi ba ce za ta kai ka ƙauyen Baba. Daga wurin har ana hango kwanon makarantar. In ka yi dama, doguwar hanya ce da za ta zagaya da kai ta dawo garin rijiyar ta arewa. Na rage gudu a wurin. Ina so in ce zuciyata ta yi ta kokawa, amma abin da na tuna shi ne ɗan kwalin da ke jikin makullin nan, da yadda zan rubuta wa matata in ce su taho.

"Wannan ta hagun ina ta nufa?" in ji mai binciken.

"Gona ce, ranka ya daɗe. Ba ta ɓullewa."

Na karya kan mota dama. Ba mu yi nisa ba muka wuce wata mace ta hawo daga ƙorama da tulu a kafaɗa. Na san ta, surukar Baba ce. Ta gane motar, ta tsaya tana kallo har da juyowa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ga burtsatse an yi musu, me ya kai ta rafi?"

"Mutanen nan sun fi son na rafi, wai ya fi ɗanɗano."

Ya girgiza kai, ya ce jahilci ma wani haraji ne da ƙasa take biya, ya rubuta wani abu a littafinsa. A karo na uku ya buga famfon nan, a ƙarƙashin allo mai ɗauke da sunan ƙauyen Baba. An cire zanan, fenti ya koma kore, an tara garken shanu a gefe don wurin ya sauya kama. Ya sha ruwan ya ce wannan ya fi sauran biyun garɗi. A kan murfin mota ya sa hannu.

Da magariba na koma ƙauye. Kujerun na nan a waje ba a mayar ba. Sun zauna tun hantsi har rana ta faɗi, doyar da aka daka wa baƙo ta sandare a kwano. Baba ya taso.

"Ɗana, lafiya? Mota ya lalace?"

Na ce an ɗaga zuwan ne, oga ya sami kira daga sama, sai wani makon. Ya ce ba komai, aikin gwamnati haka yake. Ya sa aka ɗumama mini doyar, na kuwa ci.

Bayan mako biyu aka ba ni makulli. Baba da kansa ya ɗaure katifata a saman mota, ya ƙara mini da doya biyar in kai wa iyali. Daga baya na gane cewa a ranar ya riga ya sani. Matan garuruwan nan kasuwa ɗaya suke ci, kuma labarin farar motar da ta zo sau uku da direba ɗaya ya zama abin dariya a rumfunan doya tun kasuwar da ta biyo baya. Duk da haka Baba ya gama ɗaurin. Ya ja igiya ya gwada ƙarfinta, ya ce in gai da yara.

A lokacin na ɗauka abin da na taya sata rijiya biyu ce, na kuma lallashi kaina cewa wata rana wata kwangilar za ta zo a yi musu. Ban san yadda takarda take aiki ba. Sata a kasuwa in an yi ta an gama, mai kaya ya yi kuka ya sake sarowa. Ta gwamnati kuwa rufe ƙofa take yi ta bar mai gadi. Tun daga ranar da aka sa hannun nan, ƙauyen Baba ya shiga jerin garuruwan da suke da ruwa. Duk wani shiri da ya zo bayan haka, na gwamnati ko na masu taimako daga waje, jerin nan ake buɗewa a tsallake sunansu a ba wasu. Ɗan kwangila ya ci sau ɗaya ya tafi aikin hajji. Ogan motoci ya gina gidan haya. Su kuwa suna biya duk damina.

Bayan kamar shekara uku, wata rana da azahar ina zaune a inuwar da direbobi ke zama a harabar ofis, sai na ga dattawa huɗu sun sauko daga bene, Baba a gaba da rigar nan tasa. Ya rame. Sun ji ana sabon rabon rijiyoyi, sun haɗa kuɗin mota sun zo, wani akawu ya buɗe fayil ya nuna musu da yatsa cewa suna da ruwa, ya ce su daina kwaɗayi su bar wa marasa shi. Na so in ɓuya a bayan mota, amma ya riga ya gan ni.

"Direba," ya ce. Bai ce ɗana ba. "Ka yi ƙiba."

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida.

"Tsohuwa ya rasu bara. Ba wannan ya kawo ni ba. Sun ce takarda ya ce muna da ruwa. Mu ba mu iya faɗa da takarda. Kai ka san inda ka kai mutumin. Mu hau sama ka faɗa musu, magana ɗaya, mu koma gida."

Na ce, "Baba, ni direba ne. Inda aka ce in bi nan nake bi."

"Wa ya ce ka bi? Shi bai san hanya ba. Kai ne ka sani."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tsaki ya ce da Baba su tafi, mai ciki da falo ba ya jin Hausar ƙauye.

Muna cikin haka mai binciken ya fito. An ƙara masa girma a lokacin, ni ne kuma direbansa na dindindin, don ya roƙa a ba shi ni, wai bai taɓa ganin wanda ya san ƙasar nan kamata ba. Yanzu baya yake zama. Na ruga na buɗe masa ƙofa. Ya ga dattawa, ya tsaya, domin mutum ne mai ladabi.

"Malam direba, baƙi ka yi?"

Na ce mutanen da na taɓa zama a wurinsu ne, sun zo gaisuwa. Ya miƙa musu hannu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi garinsu. Baba ya faɗi sunan. Fuskar mutumin ta washe.

"Kai, na san garinku! Na sha ruwanku, Baba. Har yau ina tuna garɗinsa. Ina fatan kuna kula da famfon, don kayan gwamnati kayanku ne."

Baba ya dube shi, ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, ba ka taɓa zuwa garinmu ba. Mun share wuri, mun jira ka har dare. Ba ka zo ba. Babu famfo. Bututu ne, kuma akuya ma ya daina leƙawa."

Mai binciken ya yi 'yar dariya irin ta wanda ba ya son ya kunyata tsoho. Amma na ga ya cire tabarau yana gogewa, abin da yake yi in magana ta tsaya masa. Ya juyo gare ni. Na tabbata da na ce a'a, a ranar zai hau bene ya tayar da fayil ɗin, ko da zai jawo wa kansa. Irinsa ne. Ni kuma da na kwana a waje da mata da yara huɗu.

"Malam direba, ba mun je ba?"

"Mun je, ranka ya daɗe. Ranar Alhamis ce. Wataƙila famfon ne ya lalace, ka san mutanenmu da rashin gyara."

Ya mayar da tabaransa. Ya ce da dattawan su rubuto takardar neman gyara, su bi ta hannun ƙaramar hukuma, za a duba. Ya zaro kuɗin mota ya miƙa, Baba bai karɓa ba, ɗaya daga cikinsu ya karɓa. Na rufe masa ƙofa, na zagaya na shiga. Sai da na yi baya da mota kafin in fita, dole suka matsa gefe suka ba ni hanya. A hanya ya ce abin da ke damun ƙasar nan ke nan, a yi wa mutane abu su kasa riƙewa, sannan su zo su ce ba a yi ba. Na ce haka ne.

Ban sake ganin Baba ba. Na ji rasuwarsa a bakin wani mai doya, ban je gaisuwa ba, don ban san da wace fuska zan shiga ba. Ƙauyen bai sami rijiyar gwamnati ba har na bar aiki. Samarinsu ne daga baya suka yi gayya suka haƙa ta hannu, wadda take ƙafewa kafin bazara. Mai binciken ya yi ritaya da sunansa fes, ana gayyatarsa taro yana koya wa matasa yadda ake sa ido a kan dukiyar jama'a, kuma duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Yakan aiko mini da shinkafa da azumi. Sau biyu na je gidansa da niyyar in gaya masa, na zauna a falo, aka kawo mini lemo, muka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar mai, na tashi na yi sallama. Ina neman gafarar Allah, amma na san hakkin ba na Allah ba ne shi kaɗai, kuma mutanen da zan roƙa yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa.